YOYON BAƘIN MAI A TSOHUWAR MOTA

Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure, ta ratsa garinmu Sandamu, ta shiga Daura, sa'an nan ta zarce Kwangwalam, bakin iyakar Nijar. Yawancin motocin hayan da mu ke shiga a wannan hanya tsofaffi ne. Akwai Golf, wadda wani Bature ya gama morarta a Turai kafin ta zo hannunmu. Akwai kuma ragowar Peugeot 504, irin waɗanda aka dinga harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar Peugeot a can cikin 1975. Da su mu ke zuwa kasuwar Mai'aduwa, da su mu ke kai marar lafiya asibiti.

In mun duba ƙasa a inda waɗannan motoci su ke tsayawa, za mu ga baƙaƙen tabo jere a kan yashi. Wannan baƙin mai ne ya ke zuba daga injin. Direba ya kan ce, "Ai tsohuwar mota ce, haka su ke." Kullum da safe sai ya ƙara mai ya kama hanya. To, yau za mu koyi yadda a ke gano inda man ya ke fita, da yadda a ke toshe shi.

AIKIN BAƘIN MAI

A cikin injin ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, sau dubbai cikin minti ɗaya. Baƙin mai shi ne ke shiga tsakaninsu, ya hana su cin juna. Yana kuma rage zafi, ya kwashe dauɗa. Ƙaramar mota irin tamu tana ɗaukar kamar lita 4 ne kawai. Idan ya zube, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, kafin a yi nisa sai injin ya buga. Direban da ya ji ƙyashin kuɗin ɗan gasket, ran nan sai ya sayar da akuyoyi ko hatsin gidansa ya sayi wani injin.

Akwai wani haɗari kuma. In mai yana ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi, yana iya kama wuta, ga mota cike da fasinja.

Yoyo iri uku ne. Akwai naso, watau wuri ya jiƙe, ƙura ta manne, amma ba ya ɗiga. Wannan a sa masa ido kawai. Akwai ɗiga, wanda ke barin tabo a ƙasa. Wannan a gyara shi cikin makon. Akwai kuma tsiyaya, wanda za a ga mai yana zuba injin na aiki. Mota mai tsiyaya ba ta hau hanya ba sai an gyara ta.

DA FARKO, WANE RUWA NE?

Ba duk abin da ya ɗiga daga mota ne baƙin mai ba. Da dare a ajiye mota a wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta. Da safe a jawo kwalin a duba.

In tabon baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai santsi, a daidai ƙarƙashin injin, to, baƙin mai ne. In yana da kauri da wari mai hawa kai, man giya ne. In ja ne, ko dai na sitiyari ne ko na giyar mota mai canza kanta. In ruwa ne kore, ko mai tsatsa, daga lagireto ya ke. In kuwa fari-fari ne mai santsi, kusa da taya, wannan man burki ne. Kada a motsa motar sai makaniki ya duba ta, domin batun rai ne.

INDA YA ƊIGA BA NAN YA FITO BA

Wannan shi ne babban darasinmu. Dukanmu mun san yoyon soro da damina. Ruwa ya kan ɗiga a tsakar ɗaki, amma in magini ya hau sai ya tarar da tsagar tana can gefe. Ruwan ya shiga ta can ne, ya bi azara, ya faɗo a nan. Haka baƙin mai ya ke. Yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi daga gaba zuwa baya. Saboda haka kusan kowane yoyo a kwanon mai na ƙarƙashin injin ya ke taruwa ya ɗiga.

Nan ne mutane da yawa su ke yin asara. A ga kwano jiƙe, a kwance shi, a sa sabon gasket, a biya kuɗi. Bayan kwana biyu yoyo na nan. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ga yadda a ke bin sawunsa:

1. A bar injin ya huce. A rufe kayan wuta da leda don kada ruwa ya shige su.

2. A wanke injin da kananzir da burushi, sa'an nan da ruwan sabulu. Kada a wanke da fetur ko kaɗan, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi gobara.

3. A bari ya bushe sarai. A barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a wuraren da a ke zato.

4. A ta da injin a fili, ya yi kamar minti 15. A yi nesa da fanka da bel, a tattare hannun riga.

5. A kashe, a ɗauki tocila a duba. Mai zai ja baƙin layi a cikin farar hodar. A bi layin zuwa sama har inda ya ƙare. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe, kuma mafi kusa da gaba, nan ne tsagar ta ke.

In ba a ga kome ba, a yi 'yar tafiya, kamar daga Sandamu zuwa Daura a komo, a sake dubawa. Wani yoyon ba ya fitowa sai injin ya yi zafi yana ja. A manyan gareji akwai wani rini da a ke zubawa cikin mai, a haska da fitila ta musamman, sai wurin ya yi ƙyalli. Amma hoda da haƙuri sun ishe mu.

WURAREN DA YA FI FITOWA

Mu fara daga sama, mu kuma fara daga mai araha.

Murfin zuba mai. Robar da ke cikinsa ta kan bushe ta tsage. Sabon murfi ya kashe magana.

Murfin saman injin. Tsakaninsa da injin akwai gasket, watau wani shimfiɗi na roba ko makamancinta da ke toshe tsakanin ƙarfe biyu. Zafin injin da na ƙasarmu su kan busar da shi har ya yi tauri kamar ƙirgi. A tsohuwar mota yoyo ya fi yawa daga nan.

Makunnin fitilar mai. Wani ɗan abu ne mai waya ɗaya ko biyu, a ɗaure a jikin injin. Shi ke kunna jar fitila a gaban direba. Ƙarami ne, amma in ya fashe ya kan zubar da mai da yawa, domin mai na zuwa masa da ƙarfi.

Matatar mai, wadda a ke kira filta. Tana da zoben roba a bakinta. Wani lokaci in an cire tsohuwa sai zobenta ya manne a jikin injin, a ɗaura sabuwa a kansa, zobe ya zama biyu. Wannan ya kan kwarare mai duka cikin ɗan lokaci. A waɗansu Golf akwai wani zoben kuma a saman filta, wurin abin sanyaya mai, shi ma ya kan taurare. A 504 kuwa a duba gindin famfon fetur, inda ya haɗu da injin.

Notin juye mai. Yana da washa wadda ya kamata a sake ta duk sa'ad da aka yi juye. In an yi ta ɗaure noti da ƙarfin tsiya, haƙoransa su kan cinye.

Kwanon mai. Ko gasket nasa ya gaji, ko kuwa dutse ko kututture ya buge shi a hanyar ƙauye.

Sil na gaba da na baya. Waɗannan zobban roba ne da ke kewaye da babban ƙarfen da ke juyawa cikin injin. In na gaba ya lalace a Golf, mai ya kan jiƙa bel ɗin taimin, ya ruɓar da shi, wata rana ya tsinke a tsakiyar hanya. In na baya ne, za a ga mai a mahaɗar injin da giya, kulocin kuma ya fara santsi. Gyaransa sai an sauke giya. Saboda haka kada mu yarda an ce sil na baya ne sai mun tabbata saman injin a bushe ya ke.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Wani direba zai ce, "Na sake gasket, na sake sil, yoyo ya komo." To, a duba numfashin injin. Sa'ad da injin ke aiki, hayaƙi kaɗan ya kan sulale ya sauka inda mai ya ke. An yi masa wani bututun roba da zai fita ta nan. In ƙurar hunturu da daskararren mai suka toshe bututun, sai hayaƙin ya matsu, ya tura mai ta kowace kafa. Kamar indararo ne. In ya toshe, kome kyan yaɓen soro sai ruwa ya sami hanya. A cire bututun a wanke, in ya tsage a sake shi.

Cika mai fiye da kima shi ma yana kawo yoyo. A jikin sandar awon mai akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama. A waɗansu motoci an rubuta MIN da MAX. Tsakaninsu kamar lita 1 ne a yawancin ƙananan motoci. Mai ya tsaya tsakanin alamun nan, kada ya haura ta sama.

Idan kuwa mai yana raguwa, kwali bai nuna tabo ba, a duba salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce injin yana ƙona man a ciki. In kuma mai ya zama kamar koko, ko an ga maiƙo cikin lagireto, ruwa da mai sun haɗu. Waɗannan biyu aikin babban makaniki ne.

GYARAN DA ZA MU IYA DA KANMU

Mai sifana da natsuwa zai iya sake gasket na murfin sama. A bar injin ya huce. A kwance notuna a zuba su cikin kwano don kada su ɓace a yashi. A ɗaga murfin, a kankare tsohon gasket sarai, amma kada a karce ƙarfen, kada kuma ɓarɓashi ya faɗa cikin injin. A goge fuska biyun su bushe. A shimfiɗa sabo, a mai da murfin. Sa'an nan a ɗaure notuna kaɗan kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare sa'an nan wancan. Kada a matse da ƙarfi. Matsewa ta kan lanƙwasa murfin ta tsaga gasket, yoyo ya fi na da.

Wajen sa filta, a tabbata tsohon zobe ya fita. A shafa ɗan mai a sabon zoben, a ɗaura da hannu kawai.

Mu yi hankali da gam. Waɗansu su kan lafta shi ko'ina maimakon su sayi gasket. Abin da ya yi saura ta ciki ya kan ɓalle, ya faɗa cikin kwano, ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Sai ga mai cike da kwano, injin kuwa yana mutuwa da ƙishi. In za a sa gam, a sa ɗan siriri, a kusurwa kaɗai. Haka kuma gasket ɗin bogi ba ya daɗewa. Araha ba ta ado.

Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai, balle a kan yashi irin namu. A sa katako mai kauri ya tokare ta, a ja burkin hannu, a sa duwatsu a tayoyi.

TSOHON MAI

Man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi a ƙasa, domin ƙasarmu jigawa ce, tana shanye shi, ya lalata gona, ya kai ga ruwan rijiya. Kada a shafa wa dabba mai ƙazuwa, kada a shafa a miki. Likitoci sun tabbatar yawan taɓa shi yana cutar da fata, har ya kan kai ga ciwon daji. A tara shi cikin jarka mai murfi, nesa da yara, a kai wa masu juye. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Kowace safiya, kafin a ta da mota, a ja sandar awo a duba, a kuma leƙa ƙarƙashi. A sami ɗan littafi a rubuta ranar da aka yi juye, da ranar da aka ƙara mai, da yawan abin da aka ƙara. Littafin nan shi zai gaya mana ko yoyo yana ƙaruwa, kuma in mun je gareji za mu yi magana da hujja. In jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a sauka gefen titi a kashe injin nan take. Kada a ce bari a lallaɓa zuwa Daura. Gara fasinja su yi fushi na sa'a ɗaya da mota ta kwanta wata uku.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin baƙin mai a cikin injin?
2. Don me ba a gyara wurin da mai ya ɗiga tun ba a wanke injin ba?
3. Mene ne bambancin naso da ɗiga da tsiyaya?
4. Me ke faruwa in bututun numfashi ya toshe?
5. Me direba zai yi in jar fitilar mai ta kama a hanya?