Tsutsar da ta kasa yin saɓa

Duk mai sayar da mangwaro, ayaba ko tumatir ta san ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke shawagi bisa kayan da suka fara ruɓewa. Mu korarsa muke yi, amma masana sun fi shekara 100 suna kiwonsa cikin kwalabe. Drosophila suke ce masa. Daga ƙwai zuwa ƙuda mai fiffike, kwana 10 ya ishe shi idan akwai ɗumi.

Fatar tsutsarsa ba ta girma tare da ita. Dole ta yi saɓa kamar maciji, har sau 2, kafin ta dunƙule ta fito ƙuda. Wani sinadari mai suna ekdizon, wanda jikinta ke haɗawa daga abincin da ta ci, shi ke ba da umarnin saɓar.

Wajajen 1980, a birnin Heidelberg na Jamus, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus sun riƙa lalata ƙwayoyin gadon ƙudajen da gangan, domin su ga aikin kowace. A cikin ƴaƴan da suka samu, wasu tun cikin ƙwai suka mutu, ba su yi fata ba. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin da ke haɗa ekdizon ne suka lalace. Binciken nasu ya jawo musu kyautar Nobel a 1995.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne wanda aka gani a Kaliforniya a 2002. An cire ƙwayar gado guda, sai tsutsa ta yi sabuwar fata amma ta kasa tuɓe tsohuwar. Haka take mutuwa a maƙale, da sabon baki da tsoho a haɗe.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Ƙwari masu ɓata wake da kayan lambu su ma da wannan sinadari suke saɓa. Ƴaƴan bedi, wato dogon yaron da ke ba mu inuwa a titunan Maraɗi da Damagaram, suna ɗauke da wani sinadari mai dagula wannan umarni. Shi ya sa wanda ya fesa ruwan ƴaƴan bedi ba ya ganin tsutsa ta faɗi nan take: ci take ragewa, sai lokacin saɓa ya zo bayan ƴan kwanaki ta kasa.