Idan Kwamfuta Ta Daskare A Malanville, Ba Sai An Zare Waya Ba

A Malanville, bakin gadar da ta haɗa Benin da Gaya ta Nijar, masu fitar da kaya daga duwan da kwamfuta suke cike takardunsu. Mun taɓa zama a wani ɗan ofishinsu, direbobi na jira cikin rana, sai manhajar ta tsaya cak, linzami ma ya ƙi motsi. Akawu ya miƙa hannu zai zare wayar wuta, don mai gyaransu yana Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700.

Zare waya kuwa kan tafi da duk aikin da ke buɗe, wani lokaci har fayil ya lalace, alhali manhaja guda ce ta maƙale. Muddin kwamfutocin ofishin suna haɗe da juna, daga ta teburin kusa ana iya kashe ta ita kaɗai.

Tun Windows XP Professional ta 2001 akwai umarni biyu na wannan aiki. A rubuta tasklist /S da sunan kwamfutar da ta daskare, za a ga manhajojin da ke gudana, kowace da lambarta. Sai taskkill /S da sunan, /PID da lambar, sannan /F, wato a kashe da ƙarfi. PsKill ta Mark Russinovich, wanda Microsoft ta sayi kamfaninsa a 2006, ita ma haka take yi.

Sai dai dole da kalmar sirrin mai kula da na'urar, kuma katangar tsaronta ta ba da hanya. A duba lambar sau biyu. Abin da akawun bai adana ba cikin manhajar kam, ya tafi; ran nan takarda ɗaya ya sake cikewa.