3.4 Rage Ƙiba Yayin Jinyar Cututtukan Tawayen Garkuwar Jiki a Ƙasar Argungu

3.4.1 Cutar da Maganinta

Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke tsare ɗan Adam daga ƙwayoyin cuta. Akwai cututtukan da ke tasowa idan wannan runduna ta kasa bambanta baƙo da ɗan gida, har ta shiga yaƙar jikin da ya kamata ta kare. Irin waɗannan ne ake kira cututtukan tawayen garkuwar jiki a wannan aiki. Daga cikinsu akwai amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu da wuyan hannu, da cutar lufus wadda kan taɓa fata da gaɓɓai da ƙoda, sai kuma wani nau'i na maƙoƙo. Mata suka fi kamuwa da su, domin kimanin 9 daga cikin kowane 10 masu lufus mata ne. Yawancinsu ba a rabuwa da su gaba ɗaya, sai dai a kwantar da su, don haka jinyar ta shekaru ce.

A shekarar 1948 wani likita mai suna Philip Hench, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya gwada maganin kotizon a kan wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. Wannan aiki ya sa shi da wasu masana biyu suka sami lambar yabo ta Nobel a 1950. Daga dangin kotizon ne aka samar da firednisolon da deksametason, waɗanda a yau ake samu da arha a shagunan magani na Argungu da Birnin Kebbi. Suna saurin kashe kumburi da raɗaɗi. Sai dai idan aka daɗe ana shan su sukan buɗe wa mutum ciki ya riƙa cin abinci ba ƙoshi, su sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su tara kitse a fuska da ƙeya da tumbi, alhali cinyoyi da damatsa suna sirancewa. Sukan kuma ɗaga sukarin jini da hawan jini, su rage ƙarfin ƙashi.

3.4.2 Yadda Jama'a ke Kallon Ƙibar

A ƙasar Kabi, kamar sauran ƙasar Hausa, ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali, rama kuwa ta wahala ko ciwo. Matar da ta daɗe tana fama da gaɓɓai, idan ta fara magani fuskarta ta cika, sai 'yan uwa su yi ta yi mata barka, a ce jiki ya yi kyau. Ba abin mamaki ba ne, tun da deksametason na cikin ƙwayoyin da wasu 'yan mata ke sha da gangan don su yi jiki, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Amma wannan ƙiba ba ta lafiya ba ce. Gwiwar da cuta ta riga ta ci ita ce za ta ɗauki ƙarin nauyin, kuma an ƙiyasta cewa kowane kilo 1 da jiki ya ƙara yakan zama kimanin kilo 4 a kan gwiwa a kowane taku. Haka kuma kitsen tumbi kansa yana fitar da sinadaran da ke rura wutar kumburi.

Sai tafiya ta yi nisa, riguna sun ƙi shiga, fuska ta sauya kama, sannan mai jinya kan gane daga ina abin ya fito. A nan ne babban haɗarin yake, domin abu na farko da kan zo mata a rai shi ne ta ajiye ƙwayar. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe da bugun jini da sukarin jiki. Idan aka sha firednisolon fiye da mako 3, wannan ƙullutu yakan rage aiki, tun da ana kawo masa abin daga waje. In aka yanke maganin rana ɗaya, ba zai iya farfaɗowa nan take ba. Sai a ga kasala da amai da jiri, jini ya faɗi, wani lokaci har a rasa rai, ga kuma cutar ta asali ta dawo da ƙarfi. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Hanyar da likitoci ke bi ita ce su riƙa rage ƙwayar kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, tare da ɗora mai jinya a kan maganin da ke danne cutar tun daga tushe, kamar metotirekset, wanda sau ɗaya ake sha a mako kuma bai halatta ga mai ciki ba, ko haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin da aka sani na zazzaɓin cizon sauro. Wannan kuwa yana buƙatar gwajin jini da na ƙoda lokaci-lokaci, abin da kan sa a tura mutum daga Argungu zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, mai nisan kimanin kilomita 100. Kuɗin mota da na gwaji ne kan sa mutane su koma sayen ƙwayar a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma a nan ne shan wata guda kan zama na shekara.

3.4.3 Abinci da Motsa Jiki

Argungu ƙasar shinkafa ce da kifi. Fadamar gulbi ta sa tuwon shinkafa da dafa-duka sun zama cimar yau da kullum, ga fura da kunu da ake zuba wa sukari. Ga manomi ko masunci mai yini yana aiki, wannan ba matsala ba ce. Ga mai jinyar da ciwo ya zaunar a tsakar gida, kuma magani ya ɗaga mata sukarin jini, malmalar tuwo biyu ta yi yawa. Ba a ce a daina cin shinkafa ba, domin shawarar da ba za ta yiwu ba ba ta da amfani. Abin da ake nufi shi ne a rage malmala a ƙara miya, a riƙa sauyawa da tuwon dawa ko gero, a haɗa da wake, a kuma yawaita zogale da yakuwa da kuɓewa da alayyafo, waɗanda ke cika ciki ba tare da sa ƙiba ba. Lemun kwalba da zoɓo mai zaƙi su ne na farko da ya kamata a sallama.

Ta fuskar kifi kuwa, Kabawa sun yi sa'a. Giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa suna gina tsokar da maganin ke zaizayewa, musamman idan an dafa ko an gasa maimakon a soya cikin man gyaɗa. Nono marar sukari yana taimakon ƙashi. Sai dai wadda lufus ta taɓa wa ƙoda ba za ta ƙara kifi ko nama ba sai da iznin likita.

Batun gishiri ya fi wuya, saboda ɓoye yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Ga shi kuma tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, kuma mai jinyar ba lalle ne ita ke da girki ba. Mafita mai sauƙi ita ce a ɗebar mata miya kafin a kammala zuba kayan ɗanɗano. Sau da yawa kumburin ƙafa da na fuska kan fara sauka daga wannan kawai.

Motsa jiki ba sai da gudu ba. Tafiyar minti 20 zuwa 30, ko da zagayen tsakar gida ne ga matar kulle, ta wadatar a farko, a kuma huta ranar da gaɓɓai suka tashi. Mai lufus ba ta shiri da rana, domin haskenta kan tayar da cutar, kuma zafin bazara a Argungu yakan haura digiri 40, don haka bayan asuba ko gab da magariba ya fi. Raguwar rabin kilo a mako ta isa, kuma muddin adadin ƙwayar bai sauka ba, wanda ya iya tsayar da nauyinsa wuri ɗaya ma ya yi ƙoƙari. Game da azumin watan Ramadan, da yake da safe ake shan firednisolon tare da abinci, likita ne zai duba ko za a mayar da shi lokacin sahur.

Su kuwa shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙen da ake talla a kasuwa, yawanci zawo da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma suna iya illata hantar mai shan metotirekset ko ƙodar mai lufus. Allurar semagulutaid, wadda aka amince da ita a Amurka don rage ƙiba a 2021, tana aiki, amma tana da tsada, tana buƙatar firji da kulawar likita.

3.4.4 Ramar da ba a Nema ba

Akwai kuma wanda ke zubewa alhali bai rage ci ba. Wannan ba nasara ba ce. Yana iya nufin cutar ta tashi, ko firednisolon ya haifar da ciwon sukari, musamman in akwai ƙishirwa da yawan fitsari, ko kuma maƙoƙon nan mai sa zufa da bugun zuciya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tarin fuka, domin magungunan da ke danne garkuwar jiki sukan ba shi damar farkawa. Tsoron kada a alaƙanta ramar da ƙanjamau kan sa wasu su ɓoye ta ƙarƙashin manyan tufafi har lokaci ya ƙure. Idan nauyi ya ragu da kashi 5 cikin 100 a tsakanin wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba, misali mai kilo 60 ya koma 57, ko aka ga tarin da ya kai mako 2 tare da zufar dare, to a nufi asibiti a auna majina da sukarin jini, a kuma tafi da duk kwalayen magungunan da ake sha, har da na kemis da na gargajiya.