Abin da ya kamata ku sani game da wurin bayanau a jimlar Turanci

A Sabha, babban birnin Fezzan da ke kudancin Libiya, Larabci ne harshen kasuwa da ofis, Hausa kuma ba baƙuwa ba ce saboda yawan 'yan Nijar da Najeriya. Turanci kuwa sai an nema. A 1986 gwamnatin Gaddafi ta cire shi daga makarantu, aka yi shekaru kafin ya dawo. Don haka da yawa daga masu koyonsa a yau a littafin nahawu suka same shi, kuma wasu littattafan na ɗauke da dokar da ba ta da tushe.

Dokar ita ce wai haramun ne a sa bayanau tsakanin "to" da aikatau. Bayanau shi ne kalmar da ke faɗin yadda aiki ya auku, kamar "sannu a hankali" ko "kullum". A cewar masu dokar, kada a ce "to slowly walk", a ce "to walk slowly".

Turawa sun daɗe suna raba waɗannan kalmomi biyu, tun a rubuce-rubucen ƙarni na 13 da na 14. Hanin bai yi ƙarfi ba sai a ƙarni na 19, musamman bayan littafin da Henry Alford, wani babban limamin coci a Kantabari, ya fitar a 1864. Malaman makaranta suka karɓa, suka riƙa jan layi da jan biro. A 1926 masanin nan H. W. Fowler ya yi wa masu tsanantawa a kan dokar ba'a, ya nuna gara a raba da a rubuta jimla mai ruɗani. Mujallar The Economist ma, da ta daɗe tana hana marubutanta, ta janye hanin a 2018.

Dalili shi ne wani lokaci rabawar ce kaɗai ke tsare ma'ana. A jimlar "He decided to quietly sell the camels he bought", kowa ya san sayarwar ce za a yi cikin sirri. Idan aka sa "quietly" kafin "to", sai a zaci shawarar ce aka yanke a ɓoye. Idan aka kai ta ƙarshe, ta koma kan sayen raƙuman. Haka "prices are expected to more than double" ba ta da wata hanyar gyara.

Matsar da bayanau ya taɓa jawo rikici a bainar jama'a. Ranar 20 ga Janairu 2009, Babban Alƙalin Amurka John Roberts, yana rantsar da Barack Obama, ya ɗauke kalmar "faithfully" daga wurinta a rantsuwar ya kai ta ƙarshe. Washegari aka sake rantsuwar a Fadar White House don kauce wa gardama.

Dokokin da ya kamata mai koyo ya riƙe suna wani wuri dabam. Ta farko, ba a sa bayanau tsakanin aikatau da karɓau. Ana cewa "She speaks English well", ba "She speaks well English" ba. A nan Bahaushe ya ci riba, domin mu ma "tana jin Turanci sosai" muke cewa, bayanau a ƙarshe. Wanda ya yi boko a Agadas ko Damagaram shi ya kamata ya kula, saboda Faransanci na sa bayanau daf da aikatau, kuma sabo kan bi mutum zuwa sabon harshe.

Ta biyu, kalmomin da ke nuna yawan aukuwar aiki, irin su "always", "often" da "never", kan zo kafin aikatau: "He always pays". Amma suna bin bayan "is" da "are": "He is always late". Idan akwai mataimakin aikatau, sai su shiga tsakani: "He has never travelled".

Ta uku, a kula da "only", domin tana aiki kamar "kaɗai" da "kawai" a Hausa. "Only Musa sold dates" na nufin Musa kaɗai ya sayar da dabino. "Musa sold only dates" na nufin dabino kawai ya sayar.

Har yanzu akwai malamai da masu duba takardar neman aiki da ke ƙyamar raba "to" da aikatau. Idan rubutunku zai je hannun irinsu, kuma matsar da bayanau ba zai taɓa ma'ana ba, ku matsar, ba ku yi asarar komai ba. Idan kuwa matsarwar za ta sauya abin da kuke nufi, ku bar shi inda yake, domin mai karatu ma'ana ya zo nema.