KEDARNATH: ZIYARAR DA AKE YI DA ƘAFA A KAN DUWATSUN HIMALAYA

A can arewacin ƙasar Indiya, cikin Jihar Uttarakhand wadda ta yi iyaka da Nepal da kuma yankin Tibet, akwai wani tsohon ɗakin ibada na mabiya addinin Hindu da ake kira Kedarnath. An gina shi da manya-manyan duwatsu masu ruwan toka a wani kwari da ke tsakanin tsaunukan Himalaya, a wurin da tsayinsa ya kai mita 3,583 daga bakin teku, watau kusan ninki uku na tsayin garin Jos. Ko Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, bai wuce mita 2,419 ba.

Har wa yau babu hanyar mota da ta isa Kedarnath. Matafiyi yakan taso daga garin Rishikesh a mota, ya yi tafiyar fiye da kilomita 200 a kan hanya mai kwane-kwane a gefen kwazazzabai, har ya iso wani ƙauye mai suna Gaurikund. A nan kwalta ta ƙare. Abin da ya rage shi ne hawan kilomita 16 ko fiye, wanda mai ƙarfi kan yi cikin awa shida zuwa takwas, mai rauni kuwa ya wuni yana jan ƙafa.

ABIN DA KE KAI SU

Bisa ga imanin Hindu, wannan wuri ɗaya ne daga cikin wurare 12 mafi daraja na abin bautarsu Shiva. Labarinsu ya ce wasu 'yan'uwa biyar, Pandava, bayan sun yi wani mummunan yaƙi da danginsu, sai suka fita neman Shiva domin ya yafe musu jinin da suka zubar. Shi kuwa ba ya son ganinsu, sai ya rikiɗa ya zama bijimi ya nutse cikin ƙasa, tozonsa kaɗai ya rage a waje. Saboda haka abin da ake girmamawa a cikin ɗakin wani dutse ne mai siffar tozo. An kuma ce shahararren malaminsu Adi Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, a nan ya ƙare kwanakinsa.

Tun da asalin labarin na neman gafara ne, masu ziyara da yawa suna ɗaukar wahalar hanya a matsayin wani sashe na ibadar. Don haka ne ake ganin tsofaffi masu furfura suna dogara sanda, wasu ma ba takalmi, suna hawa a hankali cikin sanyi da yayyafi.

Ziyarar ba ta yiwuwa sai wata shida a shekara. Ana buɗe ƙofa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a rufe ta kwana biyu bayan bikin Diwali, cikin Oktoba ko Nuwamba. Daga nan dusar ƙanƙara takan binne kwarin, sai malaman ɗakin su ɗauko gunkinsu cikin jerin gwano su sauko da shi garin Ukhimath, inda za a ci gaba da hidimarsa har bazara. Wani abin lura shi ne babban malamin wurin, mai laƙabin Rawal, bisa al'ada daga Karnataka ake kawo shi, can kudancin ƙasar.

WAƊANDA KE ƊAUKE DA NAUYIN

Amma fa ba kowa ke iya hawan da ƙafarsa ba. Tsakanin Gaurikund da Kedarnath mutum yakan ƙara tsawon mita 1,600 ko kusa da haka, kuma a can sama iskar shaƙa takan yi ƙaranci, abin da huhu ke samu bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da ya saba samu a bakin teku ba. Wanda ya taso jiya daga zafin Delhi ya tsinci kansa yau a irin wannan wuri, sai ciwon kai da haki da jiri su kama shi. A wasu shekarun baya-bayan nan an ƙirga mutane fiye da 100 da suka mutu a lokacin ziyara guda, akasarinsu saboda ciwon zuciya da ƙarancin iska. Hukuma ta wajabta wa kowa yin rajista kafin ya tashi, ta kuma kafa wuraren duba lafiya a kan hanya.

To, a nan ne talakawan duwatsu ke samun abincinsu. Akwai masu alfadarai da dawaki dubbai da ke jigilar mutane da kaya. Akwai masu kujerar katako mai sanduna, wadda ƙarti huɗu ke saɓawa a kafaɗa. Sa'an nan akwai 'yan dakon da ke goya mutum sukutum cikin kwando a bayansu, da igiya ɗaure a goshi, da yawansu baƙi ne daga Nepal. Abin da suka tara cikin waɗannan watanni shi iyalinsu za su ci har shekara ta kewayo. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna fim ɗin Kedarnath na 2018, wanda marigayi Sushant Singh Rajput ya fito a matsayin irin wannan ɗan dako, kuma Musulmi. Masu hannu da shuni kuwa sukan shiga jirgi mai saukar ungulu daga Phata ko Guptkashi su isa cikin 'yan mintoci, ko da yake shi ma da nasa hatsari, domin a Oktoban 2022 ɗaya ya faɗi ya hallaka mutum 7, wani kuma ya sake faɗuwa a Yunin 2025 da mutum 7.

AMBALIYAR 2013

Babbar masifar da ta taɓa auka wa wurin ita ce ta ran 16 da 17 ga Yuni, 2013. Damina ta faɗi da wuri, aka yi kwanaki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan ƙanƙarar da ke narkewa. Wani tafki mai suna Chorabari da ke saman garin ya cika ya fasa gaɓarsa, ruwa da laka da duwatsu suka gangaro cikin Kogin Mandakini. Zangon Rambara, inda matafiya ke hutawa a tsakiyar hanya, ya shafe sarai. Gwamnatin jihar ta ce mutane fiye da 5,000 ne suka mutu ko suka ɓace a faɗin jihar, soja da ma'aikatan agaji kuma suka kwashe fiye da 100,000. Cikin aikin ceton ma wani jirgin sojan sama ya faɗi da mutum 20.

Ɗakin ibadar bai rushe ba. Wani ƙaton dutse ya gangaro ya tsaya a bayansa ya raba ruwan biyu, kuma har yau masu ziyara na girmama wannan dutse. Masana kimiyya dai sun fi mai da hankali ga wani batu dabam, watau yadda aka yi ta gina masaukai da kantuna a kan hanyar ruwa ba tare da tsari ba, abin da ya ƙara yawan asarar rayuka.

Bayan masifar an fitar da sabuwar hanya a ɗaya gefen kogin, wadda ta fi tsohuwar mai kilomita 14 nisa, aka gina katangun tare ruwa. Maimakon jama'a su ja da baya, sai yawansu ya ƙaru, har a 2023 masu ziyara suka kusa kai miliyan 2. A ƙarshen Yulin 2024 ruwa ya sake yanke hanyar, dubban mutane suka maƙale sai da aka ceto su.

A Maris ɗin 2025 Gwamnatin Indiya ta amince da aikin kafa igiyar ƙarfe mai tsawon kilomita 12.9 daga Sonprayag, wadda akwatunan ɗaukar mutane za su riƙa bi, ta mai da tafiyar wuni ta koma ta minti 36. Tsofaffi da marasa lafiya za su ji daɗin wannan. Masu alfadarai da 'yan dako kuwa suna fargabar abin da zai sami sana'arsu, masana ƙasa kuma suna tambaya ko wannan ɗan ƙaramin kwari, wanda ƙanƙarar da ke samansa ke narkewa shekara bayan shekara, zai iya ɗaukar jama'ar da sauƙin hanya zai jawo.