Tsohuwar Corvette: Dalilin da Ya Sa Ake Zuba Mata Kuɗi

A wurinmu mota in ta tsufa kuɗinta faɗuwa yake yi, har ta ƙare a hannun 'yan gwangwan. A Amurka kuwa akwai tsofaffin motocin da kullum ƙara tsada suke yi. Ina so in ɗauki guda ɗaya, Chevrolet Corvette ta 1963, in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen kanikanci, abin da masu tara motoci ke dubawa kafin su fitar da kuɗinsu.

Kamfanin General Motors ya fara ƙera Corvette a 1953 a garin Flint, ƙarƙashin jagorancin mai zanen motoci Harley Earl. Guda 300 kacal aka yi a shekarar, dukkansu farare masu jan ciki, kujera biyu. Abin da ya bambanta ta da sauran motoci shi ne bodinta, wanda aka yi da faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da wani irin ƙaro. Da farko ba ta yi kasuwa ba, don injinta mai silinda shida bai da ƙarfin da siffarta ke nunawa. Sai a 1955 aka sa mata injin V8, injiniya Zora Arkus-Duntov kuma ya duƙufa wajen mayar da ita motar gudu ta gaske.

A 1963 aka fito da sabon samfuri mai suna Sting Ray, wanda Bill Mitchell da Larry Shinoda suka zana, aka harhaɗa shi a St. Louis. Injinsa lita 5.4 ne, mafi ƙarfinsu yana ba da ƙarfin doki 360. Fitilun gaba a ɓoye suke, sai an kunna su juyo waje. Tayoyin baya kuma kowace na motsi ita kaɗai, wanda ya sa motar ta fi riƙe hanya a kwana. Amma abin da ya fi ba ta suna shi ne gilashin baya, wanda aka raba gida biyu da wani ɗan ginshiƙi a tsakiya. Mitchell na son sa don kyau, Duntov bai so ba don yana tare wa direba gani. A 1964 aka cire shi. Ke nan shekara ɗaya tak aka yi wannan siffa, a motoci 10,594.

Wasu daga cikin masu motar a lokacin sun kai ta gareji aka yanke ginshiƙin, aka sa gilashi guda, don ta yi kama da ta 1964. Su a ganinsu gyara suka yi. Yau wannan ginshiƙin shi ne abin da ake nema. Motar da aka saya sabuwa a kan ɗan abin da ya haura dala 4,200, yanzu mai kyau a cikinsu tana wuce dala 100,000.

To me masu saye ke dubawa? Na farko ƙaranci. Misali mafi sauƙi shi ne Corvette ta 1967 mai injin da ake kira L88, lita 7, wanda aka yi don tsere, ba rediyo ba na'urar ɗumama ciki. Guda 20 aka ƙera a shekarar. A watan Janairun 2014 an sayar da ɗaya a gwanjon Barrett-Jackson a kan dala miliyan 3.85.

Na biyu, kuma nan ne aikin injiniya ya shigo, shi ne dacewar lambobi. A gaban injin akwai wani ɗan fili mai santsi inda masana'anta ke buga lambar haɗa injin da wani ɓangare na lambar motar. In lambar injin ta dace da ta mota, to injin da aka haife ta da shi ne. Haka ake bin giyabos, da kaburato, da sauran kaya, a ga ko ranakun da aka zuba su sun riga ranar haɗa motar da ɗan lokaci. Tun da kuɗi ya shigo, 'yan damfara ma sun shigo: su samo wani injin, su goge filin, su buga lambar da suke so. Masana sukan gano su ta wasu siraran layuka da na'urar masana'anta ta bari a kan ƙarfen, waɗanda ke da wuyar kwaikwayo. Kuma ba sai ɗan damfara ba. Makaniken kirki da ya kai bulo a share masa fuska yayin gyara zai iya goge lambar gaba ɗaya, ya zubar da dubban daloli cikin 'yan mintoci.

Na uku shi ne asali. Za ka iya yi wa mota sabon fenti, ka sake kujeru, ta fito tana ƙyalli fiye da ranar da ta bar masana'anta. Amma fentin farko in ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa baje-kolin Bloomington Gold ke da rukuni na musamman don motocin da suka tsira ba a sabunta su ba, ƙungiyar NCRS kuma, wadda aka kafa a 1974, tana ba da maki ne gwargwadon kusancin mota da yadda aka fito da ita. Sau da yawa mota mai ɗan dusasshen fenti na asali takan fi wadda aka yi wa kwaskwarima daraja. Takardu ma haka: rasidin saye na farko, littafin sabis, da jerin waɗanda suka mallake ta.

Kada wani ya ce tun da bodin faiba ne ba ruwanta da tsatsa. Ƙarƙashin faibar akwai shasi na ƙarfe, da wani kejin ƙarfe da ke riƙe ƙofofi da gilashin gaba. Ruwa kan shiga ta gefen gilashi ya kwanta a can, ya ci ƙarfen a hankali alhali waje yana sheƙi. Mai saye da ya san abin da yake yi ƙasan motar yake fara shiga da tocila.

Adanawa ma ba rufe mota da tamfol ba ne a manta da ita. Fetur in ya daɗe yakan lalace ya toshe kaburato. Man birki yana shan laima ya ci bututu daga ciki. Robobi su bushe su tsage, taya ta baje ta gefen da ke ƙasa, ɓera ya ci waya. Don haka ake ajiye ta a busasshen wuri inda rana ba ta dukanta, a riƙa tayar da ita ana ɗan zagayawa har injin ya yi zafi sosai. Duk abin da dole ta sa aka canja, tsohon ba a yar da shi, ana ajiye shi ne tare da motar.

Duk da haka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar 12 ga Fabrairun 2014 ƙasa ta rufta a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentaki, ta haɗiye motoci takwas. Uku aka gyara, ciki har da Corvette ta cikon miliyan ɗaya da aka ƙera a 1992, wadda aka yi ƙoƙarin barin kayanta na asali gwargwadon hali. Sauran biyar an bar su yadda aka ciro su.

Ni abin da nake so mu ɗauka, mu da gobe za a miƙa wa makullan injinan mutane, shi ne ladabin aiki. Kafin ka yanke, ko ka goge, ko ka yar, tambayi mai kaya kuma ka rubuta abin da ka yi. Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna ma kullum raguwa take yi a kan titi. In akwai wadda ta rage a gidanku da injinta na asali da takardunta, a daure a kai ta inuwa, a adana takardun.