Layi Ya Yanke, Aiki Bai Tsaya Ba

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga. Daga baya aka buɗe su. To amma ko ba a rufe komai ba, wanda ya zauna a wannan yanki na Gobir ya san halin layin intanet: yanzu yana nan, an jima babu shi. Ga ma'aikacin kwamfuta, yankewar minti guda tana iya rusa aikin wuni.

Ga yadda abin yake. A ce ɗalibi yana Isa, yana son sarrafa wata babbar kwamfuta da ke Sakkwato. Zai shige ta ta hanyar SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finlan a 1995. Can zai tarar da wani shiri mai suna shel, wato mai karɓar umarni: a rubuta masa, ya aikata. Sai ɗalibin ya sa shi wani lissafi mai cin sa'a shida. Da zarar kwamfutar ta gane cewa layi ya yanke, sai ta aika wa shel ɗin wata alama da ake kira SIGHUP, shi kuma ya mutu tare da ayyukan da ke ƙarƙashinsa. Sunan alamar ma gado ne daga zamanin da kwamfutoci ke magana ta wayar tarho, ma'anarsa an ajiye kan waya.

Maganin wannan ya daɗe. A 1987 Oliver Laumann ya rubuta shirin Screen a birnin Balin na Jamus, a 2007 kuma Nicholas Marriott ya fito da tmux. Dabararsu ɗaya ce, kuma duk wanda ya san fatoma a kasuwar dabbobi zai gane ta nan take. Baƙo yakan damƙa wa fatoma shanunsa ya tafi sha'aninsa, ciniki kuwa bai tsaya ba. Haka tmux yake zama a cikin babbar kwamfutar, ya tsaya tsakanin ɗalibi da ayyukansa. Su ayyukan da tmux suke hulɗa, ba da layin Isa ba. Saboda haka in layi ya yanke, tagar da ɗalibi ke leƙowa ce kawai ta rufe, alamar nan ba ta isa gare su.

Amfani da shi ba wuya. Ɗalibi zai rubuta tmux new -s lissafi, ya buɗe zama mai suna lissafi, ya tayar da aikinsa. In zai tafi don kansa, sai ya danna Ctrl da b tare, ya saki, ya danna d. In ya dawo, ko bayan kwana uku ne, ko da wata kwamfutar ce daban, tmux attach -t lissafi zai mayar da shi inda aikin ya kai. Umarnin tmux ls kuwa yana jera dukkan zaman da ke raye. Kyautuwa ya yi a ba kowane suna mai ma'ana, domin wanda ya tara zama biyar masu lambobi kawai zai sha wahalar tantance su. Ana kuma iya raba allo gida biyu ko huɗu, kowane da nasa shel.

Sai dai akwai iyaka, kuma malamai su jaddada wa ɗalibai ita. Zaman tmux a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta babbar kwamfutar yake. In wutar lantarki ta ɗauke a can Sakkwato, ko aka kashe injin aka sake kunnawa, dukkan zaman sun tafi. Don haka dogon lissafi yana buƙatar a tsara shi yadda zai riƙa rubuta sakamakonsa a fayil lokaci zuwa lokaci, domin a ɗora daga inda ya tsaya.